Murfin da na cire daga injin Baffa

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. A shekarun da abin nan ya faru, ni ɗalibi ne a wata babbar makaranta da ke Dutse, ina karatun lantarki, ina zaune a Limawa ɗaki ɗaya da wani abokin karatuna. Tun ina ƙarami ba ni da yawan magana. Idan na shiga taro nakan nemi bango in jingina, idan aka yi mini tambaya kuwa sai an ce in ɗaga murya kafin a ji amsar. Littafi da sifana su ne abokan hirata. Ina da wani hali kuma da malamai suke yabo, wato ba na iya barin aiki a karkace. Idan na ja layi ya ɗan kauce sai na goge na sake, ko da kowa ya tashi ya bar ni a aji. A lokacin ina ganin waɗannan halaye biyu natsuwa ce da ƙwarewa. Ban san za su haɗu su jawo wa 'yar'uwata asarar hannunta na dama ba. Labarin da nake so in bayar ke nan.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, kuma ba a kai mana wutar lantarki ba. Yayan mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana da injin niƙa a wata rumfar kwano a bakin hanya. Tsohon inji ne mai shan gas, ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana da manyan tayoyin ƙarfe biyu masu nauyi, da duron ruwa a gefe da ke sanyaya shi. Ba maɓalli ake dannawa ba, mariƙi ake sa masa a yi ta murɗawa har sai ya yi tari ya kama, sannan duk unguwa ta ji bugunsa. Wani faffaɗan bel ne ke ɗaukar ƙarfinsa ya kai wa wata doguwar sandar ƙarfe, ita kuma sandar ta juya injin gari a tsakiya da injin markaɗe a can ƙarshe, kusa da ƙofa. A wannan ƙarshen mata da 'yan mata suke tsayawa da bokitansu. Baffa ya kafa katako ya raba babban bel ɗin da mutane tun kafin in yi wayo, kuma ban taɓa jin injin ya ji wa wani ciwo ba.

Cikin masu zuwa markaɗe kullum akwai 'yar goggona. Mahaifiyarta ƙanwar mahaifina ce, don haka ni da ita taubasai ne, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Tsakaninmu ba a maganar gaskiya sai tsokana, ba a fushi, ba a kai ƙara. Ta ɗan girme ni, ga baki ga dariya, idan tana wuri ba a jin muryar kowa. Tun muna yara take cewa ni bawanta ne, wai da tsakin kaza aka sayo ni. Da na shiga babbar makaranta sai ta koma kirana Farfesan Shiru. Ni kuwa ban taɓa iya rama mata ba, iyakata in sunkuyar da kai in yi murmushi, ita kuma wannan ke ƙara mata ƙaimi. Awara take yi tana sayarwa, shi ya sa take kawo waken suya kowace safiya. Burinta ta yi karatun ungozoma. Ta riga ta ci jarrabawa, lokacin tafiya kawai take jira. Takan ɗaga hannuwanta ta nuna mini, ta ce in kalle su da kyau, wai su za su karɓi 'ya'yana in har na iya buɗe baki na nemi mata.

Wani dogon hutu na koma gida, sai na ga yadda mutane ke aika wayoyinsu har Ringim don a yi caji. Na zauna ina kallon sandar nan tana juyawa tun safe har azahar, na ce a raina wannan ƙarfi ne ake zubarwa. Na samo dainamon tsohuwar mota a wajen 'yan gwangwan, da batir, da wani faifan ƙarfe mai kwari a gefensa inda ƙaramin bel zai hau. Babu sauran wuri a jikin sandar sai can ƙarshe, gefen injin markaɗe, don haka a nan na ɗaura faifan. Na auna, na sake aunawa, na kwance na ɗaura har sai da ya daina rawa ko kaɗan. Ranar da ƙwan farko ya kama a rumfar, dattawa suka biyo daga masallaci bayan magariba suna kallo. Baffa ya dafa kaina a gabansu, ya ce karatun yaron nan bai tashi a banza ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba. Taubashiyata kaɗai ta taɓe baki, ta ce ai fitilar aci-balbal ɗinta ta fi wannan haske, sannan ta miƙo mini wayarta ta ce bawa ya fara da ta uwar ɗakinsa.

Akwai abu ɗaya da na sani ni kaɗai. Don faifan ya zauna daram, na huda shi na zura wata kusa mai noti, kuma kan kusar ya fito waje kamar tsawon rabin yatsa. Idan inji yana tsaye kowa yana ganinta. Idan yana gudu kuwa ba a ganin komai, sai dai wata inuwa-inuwa. Na karanta a littafi, an kuma faɗa mana a aji, cewa irin wannan abu shi ne ke fizgar tufa. Saboda haka tun ranar farko na yanka wani tsohon gwangwanin mai, na lanƙwasa shi, na rufe faifan da shi, na ɗaure da waya. Ya rufe wurin sarai, amma ba shi da kyan gani. Ya karkace gefe ɗaya, ga tsatsa, ga wata ƙara da yake yi idan inji ya ɗau zafi. Da na tashi ɗaukar bidiyon aikin a waya don in nuna wa malaminmu, sai na kwance gwangwanin na jefa shi bayan duron ruwa, don kada a ga wannan ƙazanta a jikin aikina. Na gama ɗauka, na tsaya ina kallon faifan yana juyawa tsaf, sai na kasa mayar da shi. Na ce zan sa mai walda a Dutse ya yi mini murfi na gaske. Baffa bai hana ni ba. Idonsa ya yi rauni, kuma ya riga ya sakankance cewa duk abin da na yi a wurin da ilimi na yi shi.

Da yake hankalina bai kwanta ba, na riƙa gaya wa masu markaɗe su tsaya daga hagu. Yawancinsu suka bi. Ita kuwa da na gaya mata, cikin ƙaramar muryata da murmushin nan da na saba yi mata, sai ta fashe da dariya. Ta ce yau kuma bawa ne yake kafa wa uwar ɗakinsa doka, wai don na haɗa ƙwan fitila ɗaya shi ne zan fara raba wa mutane wurin tsayawa kamar ɗan sandan hanya. Daga ranar ta mayar da gefen faifan wurin tsayuwarta, don kawai ta ga na rikice. Idan na yi mata alama da hannu sai ta ƙara matsawa, ta yi mini gwalo. Na taɓa zuwa wajen goggo da niyyar in faɗa mata. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe abin da ya fito daga bakina shi ne 'yarta ba ta jin maganata a wurin inji. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tun yaushe aka fara kawo ƙarar taubashi, mu je can mu ƙarata, ita ba ta shiga. Na yi dariyar ni ma, na tashi na fita. Ban ce mata akwai kusar da za ta iya kashe mutum ba. Kunya ta hana ni, domin in na faɗi haka dole in faɗi cewa ni na sa ta, ni kuma na bar ta a buɗe.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne murfin ya zo. Na je Dutse na karɓo shi, an yi masa fenti, ya yi kyau. Da na gwada sai na ga ramukan noti ba su hau daidai ba, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga. Da na ɗaure shi da waya zai zauna, zai kuma yi aikin da ake bukata. Amma na ce ban ba da aiki don a kawo mini karkatacce ba. Na ba wani direba ya mayar wa mai waldar, na ce a gyara. Gwangwanin nan kuma yana nan kwance bayan duro, taku kaɗan daga inda nake zama ina karɓar wayoyi.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, rumfar ta cika. Ta zo da bokiti biyu saboda cinikin ranar, sanye da dogon hijabi. Ba na jin ma tsokana ce ta kai ta gefen faifan a wannan safiya, wurin ne ya riga ya zama nata. Ta sunkuya tana kwalfar ƙullun da ya maƙale a bakin injin, sai na hango gefen hijabinta yana lilo dab da inuwar nan. Na kira ta. Ƙarar inji ta haɗiye muryata. Ta ɗago ta ga bakina yana motsi, ina nuna mata da hannu, sai ta yi murmushi ta kaɗa mini kai irin na yau ma ka fara. A wannan kaɗa kan ne kusar ta kama. Na ga kanta ya fizgu ƙasa, na ga ta kai hannun dama ta riƙo hijabin don kada ya shaƙe ta, sai hannun ya bi ƙyallen ya naɗe a jikin sandar. Ban ji ihunta ba, na matan da ke wurin na ji. Baffa ya kashe mai, amma irin wannan inji ba ya tsayawa nan take, nauyin tayoyinsa yana ci gaba da jan sa. Ni da na san haka fiye da kowa, ban motsa daga inda nake ba. Baffa ne da tsufansa ya ɗauki itacen da yake bugun mazurarin hatsi da shi, ya doke babban bel ɗin ya zame, sandar ta tsaya. Wata dattijuwa ta yanke hijabin da wuƙa. Sai a lokacin na iso, na riƙe hannun, na ji shi a tafina kamar ba ƙashi a ciki.

Aka sa ta a motar wani ɗan kasuwa zuwa asibiti a Ringim, daga can aka tura mu Dutse. A hanya kanta yana kan cinyar goggo, ba ta kuka, salati kawai take yi a hankali. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma Allah ya sa ba a yanke hannun ba. Amma ƙashin ya karye a wurare da dama, jijiyoyi sun tsinke, wasu yatsun ba su tsira ba. Bayan an kwance ɗaurin sai hannun ya zauna a lanƙwashe, ba ya damƙa, ko cokali ba ya riƙewa. Na yi ta zaryar asibiti daga Limawa, ina kai abinci, ina karɓo magani, amma ban taɓa iya zama kusa da gadonta ba. Lokacin tafiya makarantar ungozoma ya zo ya wuce tana kwance. Babu wanda ya tayar da zancen, ita ma ba ta tambaya ba.

A ƙauye kowa ya ce ƙaddara ce. Masu zuwa jaje har ni suke ba haƙuri, suna cewa kada in sa abin a raina, ai alheri na yi niyya. Baffa ya kwance faifan da dainamon da hannunsa ya ajiye a ɗaki, sannan ya daina zama a rumfar, ya bar wa wani maƙwabci yana tayar da injin. Da ma wani ya zage ni, da na ji sauƙi. Abin da ya fi komai yi mini nauyi shi ne yadda ta koma da ni bayan an sallame ta. Idan na shiga gidan goggo sai ta gyara zama ta gaishe ni a ladabce, ta tambayi karatu, ta yi mini fatan alheri, kamar yadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa. Mutumin da aka yi wa tsokana tun yana rarrafe, ranar da aka fara girmama shi ya san an rufe masa wata ƙofa.

Na daɗe ina ɗauke da abin kafin in iya faɗa. Wata rana da la'asar na same ta a tsakar gida tana koyon tsince wake da hannun hagu, goggo tana gefe tana tace ƙullu, domin yanzu ita ke yin duk aikin da ke son hannu biyu. Na durƙusa na faɗa musu komai, da kusar, da gwangwanin da na cire saboda bidiyo, da murfin da na mayar saboda ya ɗan karkace. Goggo ta ajiye matacin, ta ce ashe ranar da na zo mata da kewaye-kewaye abin da ke bakina ke nan, me ya hana ni in faɗa mata kai tsaye, ita da ta goya ni. Ita kuwa 'yar'uwata ta ce ta san da gwangwanin, ta sha ganinsa a bayan duro, ta ɗauka ya gama aikinsa ne. Ta ce ita ma tana da nata laifin, tunda an ce ta matsa ta ƙi. Amma ta ce in gaya mata gaskiya, ta yaya za ta gane ranar da nake da gaske, alhali fuskar da nake yi mata idan ta kira ni bawa ita ce fuskar da na yi mata a kan abin da zai iya kashe ta. Ta ce da sau ɗaya na ɗaure fuska na daka mata tsawa, da ta ji haushi, ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba, amma da ta matsa. Sannan ta ce ta yafe mini duniya da lahira, in tashi, ƙasa ta ɓata mini wando.

Yafiya ba ta dawo da hannu. Na ƙara gane haka wata rana da na raka ta Dutse gashin ƙashi. Muna tasha muna jiran mota ta cika, wani dattijo da ke kusa da mu ya sayi ruwa ya miƙa mata saboda ya ga ta galabaita. Ta sa hannun hagu ta karɓa. Dattijon ya ɓata rai, ya ce 'yan matan yanzu ba su da tarbiyya, babba ya ba ka abu ka karɓa da hagu. Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai ta taka mini ƙafa. Ta rusuna ta ce Baba ya yi haƙuri, ba za ta sake ba. Hannun daman yana cikin hijabi, ba ta fito da shi ba. A mota ta gaya mini cewa ta gaji da nuna shi, ba da haƙuri ya fi mata sauƙi. A nan na ji cewa ko a gidan biki ba ta cin abinci cikin mutane, sai ta ce ta ƙoshi, ta ƙulle nata ta tafi da shi gida.

Na gama karatu, yanzu ina aikin gyaran janareto da injinan ban ruwa. Har yau ba ni da yawan magana, amma na gane cewa shirun da nake kira kunya, wani lokaci tsoron a ga aibina ne kawai. Son aiki ya fita tsaf da nake taƙama da shi kuwa, a wannan karon ba don amfanin kowa na yi shi ba, don ido na yi. Na fi damuwa da yadda faifan zai fito a waya fiye da wadda ke tsaye kusa da shi kowace safiya.

Ina kira ga 'yan'uwana matasa masu haɗe-haɗen inji a gida, masu ɗaura dainamo a injin niƙa, masu sarrafa injin ban ruwa, masu ƙera abin sussuka da tsofaffin ƙarafa. Ku ci gaba, ƙauyukanmu suna bukatarku. Amma duk abin da ke juyawa ku rufe shi kafin ku tayar, ko da tsohon gwangwani ne, ko da ya karkace. Ku tuna mutanenmu da manyan riguna da dogayen hijabai suke zuwa wurin inji. Idan kuma kun ga hatsari, ku kira shi da sunansa, da babbar murya, a gaban wanda zai iya hanawa. Wanda kuke wasa da shi, taubashi ne ko kaka ko matar wa, shi ya fi kowa bukatar ku canja masa fuska, domin ya saba jin maganarku a matsayin wasa. Ku bari ya yi fushi da ku. Ni na ji nauyin ɓata wa 'yar'uwata rai na safiya ɗaya, ga shi yau da hagu take cin abinci, a ɓoye. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.